Vittorio Sella, Mai Ɗaukar Hoton Duwatsun Ƙanƙara

Mutumin da zan ba ku labarinsa bai taɓa sa ƙafa a Nijeriya ba, kuma ya riga mu gidan gaskiya tun kakanninmu suna yara. Amma bari in fara gaya muku yadda aka yi na san shi, gama ta hanyar kunya na san shi.

Lokacin da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata firamare a ƙasarmu ta Lau, aka ba ni aji biyar. Ran nan muna darasin labarin ƙasa, na ce wa yara akwai waɗansu duwatsu a nan Afirka, kusa da ikwaita, waɗanda dusar ƙanƙara ba ta rabuwa da kawunansu rani da damina. Sai wani yaro ɗan masunta, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko na taɓa gani da idona. Na ce a'a. Ya ce to shi ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ta kan zubo da hadarin farkon damina, kafin ka tsinta ka kai baki ta narke. Ƙaƙa za a yi ta shekara bisa dutse a ƙasar da rana ta ke tsayawa bisa tsakar ka? Yara suka bushe da dariya. Ni kuwa ba ni da abin nuna masa. A makarantar mishan inda na yi karatu, in mun zo wurin da Annabi Ishaya ya kwatanta fari da dusar ƙanƙara, malaminmu ya kan ce mu tuna da auduga in ta buɗe a gona. Shi ma bai taɓa gani ba. Abin da na gada ke nan, shi na ba yaron, bai kuwa karɓa ba.

Da na komo kwaleji na dinga bincike, har na yi kiciɓis da wani tsohon hoto na dutsen Ruwenzori, wanda ya ke kan iyakar Yuganda da Kwango. An ɗauke shi a shekarar 1906. Ga ƙanƙara nan fari fat ta lulluɓe kan dutse, tana zubowa cikin kwari kamar kogin da aka ce wa tsaya. A ƙarƙashi an rubuta sunan mai hoton, Vittorio Sella. Daga nan na bi sawunsa.

An haife shi ran 28 ga Agusta, 1859, a Biella, wani gari na masaƙan ulu a arewacin Italiya, a gindin duwatsun Alps. Gidansu gidan masu hali ne, suna da masaƙa tasu. Abu biyu ya tarar a gidan, su ne kuwa suka zama sana'arsa har mutuwa. Ubansa, Giuseppe Venanzio Sella, ban da harkar ulu, mutum ne mai son ilmin haɗa magunguna, kuma a 1856 ya wallafa littafin da ake lissafa shi na farko da aka rubuta a Italiya kan yadda ake ɗaukar hoto. Ƙanen uban kuwa, Quintino Sella, wanda ya riƙe Ministan Kuɗi na Italiya, shi ya kafa ƙungiyar masu hawan duwatsu ta ƙasar a 1863, shi ne kuma ya riƙa jan yaran gidan zuwa bisa tudu tun suna ƙanana. Uban ya rasu a 1876, Vittorio bai cika shekara goma sha bakwai ba. Ya shiga aikin masaƙa kamar yadda ake so ɗan gidan ya yi, amma hankalinsa yana can kan duwatsu.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda ɗaukar hoto ya ke a zamanin nan, in ba haka ba ba za mu gane wahalar mutumin ba. Yau kowannenmu yana da waya a aljihu, ya danna sau ɗari, ya share casa'in da tara. Lokacin da Sella ya fara ba fim ma. A bisa allon gilashi ake ɗaukar hoto. Dabarar da ya tarar ita ce a shafa wa gilashin magani, a tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, a sa shi cikin kyamara tun yana da danshi, a ɗauki hoton, sa'an nan a wanke shi nan take kafin ya bushe, duka cikin kamar minti goma ko sha biyar. Watau duk inda mai hoto zai je, sai ya tafi da tantin duhu, da kwalaben magani, da ruwa. Da irin wannan kaya Sella ya hau Dutsen Mars, kusa da garinsu, a 1879, yana ɗan shekara ishirin, ya ɗauki hoton duwatsun da su ke kewaye. Tsawon wannan dutse mita 2,600 ne. Ku gwada shi da Chappal Waddi na jiharmu ta Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Allah ya taimake shi, daidai wannan lokaci busassun allunan gilashi suka shigo kasuwa, waɗanda ake saye da maganinsu a shafe, a ɗauki hoto yau a wanke bayan makonni. Wannan ya raba shi da tanti da kwalabe, amma bai raba shi da nauyi ba, domin shi da kansa ya zaɓi nauyin. Ya fi son babban gilashi, mai santimita 30 a faɗi, 40 a tsawo, kusan girman allon ɗan makarantar allo. Kyamarar da ta ke ɗaukar irin wannan gilashi nauyinta wajen kilo 18 ne, kowane gilashi guda kuma kusan kilo ɗaya. Ga ƙafafu uku na katako da ake ɗora ta a kai, ga baƙin mayafi da mai hoto ya ke lulluɓa. Abin da ya sa ya nace wa babban gilashi shi ne, daga gare shi ake buga hoto daidai girmansa, ba sai an ja shi ya ƙara girma ba, saboda haka kowace tsaga ta dutse da kowane layin da iska ta zana bisa ƙanƙara su kan fito sarai. Da ya ga gilashi yana fashewa a hanya, sai ya zauna ya tsara irin nasa sirdin alfadarai da jakunkunan goyo, waɗanda za su kai kayan lafiya.

Ku yi tunanin mutum ya kwana yana hawa, ya isa bisa tudu hannuwansa sun sandare, gilashin da ke gare shi bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ba halin gwaji. Dole ya san abin da ya ke so tun kafin ya buɗe idon kyamara. Ga shi kuwa dusar ƙanƙara mugun abu ce wajen hoto. Da tsakar rana haskenta ya kan cika gilashi, hoto ya fito fari kamar takardar da ba a yi rubutu a kanta ba. Sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta ke bugowa daga gefe, kowane ɗan tudu ya yi inuwa, sa'an nan siffar wurin ta ke bayyana. Na ɗanɗana kaɗan daga wannan. Daga bakin Binuwai a Lau, in sama ta wanke bayan ruwa, a kan hango duwatsun Muri a hayin kogi. Na je da hunturu da tsakar rana in ɗauke su da wayata, na komo da hoton hazo. Ni na yi asarar minti biyar. Sella ya kan yi asarar kwanaki yana zaune bakin kyamara, yana jiran gajimare ya kau.

Ba hoto kaɗai ya sa aka san shi ba. Yana cikin gwanayen hawan dutse na zamaninsa, musamman hawan hunturu, wanda a lokacin mutane kaɗan ne su ke kusantarsa. Akwai wani dutse mai tsini kamar ƙahon sa tsakanin Italiya da Siwizalan, sunansa Matterhorn, mita 4,478. Ba a taɓa hawansa ba sai a 1865, kuma mutum huɗu daga cikin bakwai da suka fara hawan sun faɗo sun mutu wajen saukowa, da bazara ma ke nan. A watan Maris na 1882 Sella ya hau shi cikin sanyi, tare da jagorori uku 'yan zuriyar Carrel, suka hau ta gefen Italiya suka sauka ta gefen Siwizalan. Ba wanda ya riga su yin haka da hunturu. A Janairun 1884 ya hau ƙwanƙolin Monte Rosa, a Janairun 1888 kuma ya ƙetare Mont Blanc, wanda ya fi duk duwatsun Alps tsawo.

Wanda ya taɓa ganin Turawa a talabijin suna sulɓi bisa ƙanƙara zai ce ai da allunan zamiya ya yi, waɗannan dogayen katako biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, da su ke kira siki. A'a, da ƙafa ya yi. Allunan nan tsohon abu ne a Norwe, amma ba su bazu a Alps ba sai bayan da Fridtjof Nansen ya ƙetare tsibirin Girinlan da su a 1888, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar a 1890. A Italiya sai wajen 1896 wani injiniya, Adolfo Kind, ya fara gwada su a Turin, aka kafa ƙungiyar masu zamiya ta birnin a 1901. Amfanin allon shi ne ya baza nauyin mutum don kada ya nutse. Wanda ba shi da shi kuwa, kowane taki sai ya nutse har gwiwa, wani wuri har ƙugu, kamar mai ratsa fadama da damina. Masu ɗaukar hoton 'yan zamiya na yau su kan hau da keken igiya, su sulɓo da ƙaramar kyamara a jaka, babbar damuwarsu kada sanyi ya kashe batir. Amma har yanzu hasken gefe su ke jira, har yanzu kuma su kan sa ɗan mutum ƙarami a tsakiyar farin fili don a gane girman wurin, abin da Sella ya ke yi tun kafin a haifi kakanninsu.

Da ya ƙoshi da Alps sai ya miƙa nesa. Ya je duwatsun Kaukasus sau uku, a 1889 da 1890 da 1896. A 1899 ya bi wani Baturen Ingila, Douglas Freshfield, suka kewaya dutsen Kancenjunga a Himalaya. Amma tafiye-tafiyensa da suka fi suna su ne uku da ya yi da wani ɗan sarautar Italiya, Yarima Luigi Amedeo, mai riƙe da sarautar Abruzzi. Ta farko Alaska ce, inda suka zama na farko da suka hau Dutsen Saint Elias ran 31 ga Yuli, 1897. Ta biyu ita ce tamu ta Afirka.

Ruwenzori dutse ne mai ɓoye kansa. Ruwan sama da hazo ba su cika barinsa ba, har matafiya su kan wuce ta gindinsa ba su san yana nan ba. Mutanen wurin sun san shi tun kaka da kakanni, amma Turawa sai a 1888 Henry Stanley ya hango ƙanƙararsa ya ba da labari. Waɗansu sun gwada hawa bayan haka, hazo ya ruɗe su, har ba a san ko kawunan dutsen nawa ne ba, balle wanne ya fi tsawo. A 1906 Yarima ya zo da jama'arsa. Suka sauka Mombasa, suka shiga jirgin ƙasa zuwa bakin Tafkin Biktoriya, suka ƙetare a jirgin ruwa zuwa Entebbe, daga nan suka taka da ƙafa zuwa Fort Portal, sa'an nan suka kama kwarin Mobuku suka yi sama. Hanyar taɓo ce da ruɓaɓɓun itatuwa masu santsi, ruwa yana zuba kusan kullum. Danshi kuwa shi ne babban abokin gaban gilashin hoto. Ran 18 ga Yuni Yarima da jagororinsa uku suka isa wuri mafi tsawo, mita 5,109, ya sa masa sunan Sarauniya Margherita ta Italiya. Shi Sella aikinsa dabam ne. Da shi da mataimakinsa Erminio Botta su kan hau wani tudu su kafa kyamara, su zauna cikin sanyi da yayyafi, in hazo ya yage na ɗan lokaci su ɗauka, in bai yage ba su komo gobe. Da waɗannan hotuna, tare da awon da aka yi, aka zana taswirar manyan duwatsun nan shida. Ya ɗauki hoton itatuwan mamaki na wurin, da tafkuna, da mutane. An buga su cikin littafin tafiyar, wanda Filippo De Filippi ya rubuta, a 1908. Har yau akwai ƙwanƙoli guda a Ruwenzori da ake kira da sunan Sella.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da wannan tafiya. Kyamarar nan mai kilo 18, da akwatunan gilashi, da tantuna, da abinci, ba su suka kai kansu ba. Daruruwan 'yan dako ne, Baganda a fili, sa'an nan Bakonjo, mutanen dutsen, a cikin taɓo da sanyi, da yawansu ba ko takalmi. Kawunan dutsen sun sami sunayen sarauniyoyin Turai da na matafiyan Turai. Su kuwa masu kaya ga fuskokinsu nan cikin hotunan Sella, sarai kamar jiya aka ɗauka, amma mai kallo ba zai iya kiran ko ɗaya da sunansa ba. Mu da muka taso muna jin labarin dattawan da suka yi dakon kayan Turawa daga bakin Binuwai zuwa cikin ƙasa, ba za mu kalli hoton nan yadda Bature zai kalle shi ba. Ban ce laifin Sella ne shi kaɗai ba, halin zamanin ke nan. Amma ba na so in yabe shi a gabanku in tsallake su.

Tafiya ta uku ita ce ta Karakoram a 1909, yana gab da shekara hamsin. Sun gwada dutsen K2, na biyu a tsawo a duniya, mita 8,611, bai yiwu ba. Yarima ya juya kan wani dutse, Chogolisa, ya kai wajen mita 7,500, wanda ba mahalukin da ya taɓa kaiwa a lokacin. Hotunan da Sella ya komo da su, har da na majigi, masu hawan da suka biyo baya sun daɗe suna nazarinsu don neman hanya. Mutanen Italiya ne kuwa suka fara hawan K2 ran 31 ga Yuli, 1954, ta ƙirjin dutsen da ake kira da sunan Yariman.

Wani abu kuma da na tarar, wanda da farko ya ɓata mini rai. Masu binciken allunansa sun gano cewa a cikin waɗansu hotuna, 'yan mutanen da ake gani ƙanana bisa ƙanƙara ba su nan sa'ad da aka ɗauka. A ɗakin wanki ya ƙara su, don mai kallo ya sami abin gwada girman dutse. Na ce ashe da na kai wa yaron nan hoto, da ya sake kama ni. Daga baya na sassauta, gama dutsen da ƙanƙarar ba ƙari ba ne, an kuwa tabbatar da haka, kamar yadda za ku ji. Duk da haka ina ganin da ya rubuta a ƙarƙashi cewa ya ƙara, da ya fi.

Bayan Karakoram ya zauna gida Biella, yana buga hotunansa yana aika wa masu so. Amma dutse bai sake shi ba. A 1935, yana ɗan shekara 76, ya sake tasam ma Matterhorn. Bai kai ba, domin ɗaya daga cikin jagororinsa ya ji rauni a hanya, dole suka juyo. Ya rasu a Biella ran 12 ga Agusta, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, saura kwana goma sha shida ya cika shekara 84. Bayan shekara uku shahararren mai hoton nan na Amurka, Ansel Adams, ya yi rubutu a kansa, ya nuna cewa kallon hotunansa ya kan sa wa mutum irin natsuwar da a kan ji a wurin ibada. Allunan gilashinsa suna nan ajiye a Biella, a gidan ajiya na zuriyar Sella.

Abin da shi kansa bai zata ba, hotunan sun koma shaida. Masu ilmin yanayi su kan ɗauki hotonsa su nemi daidai inda ya kafa kyamara, su sake ɗauka, su jera biyun. David Breashears na Amurka ya yi haka a Himalaya da Karakoram, waɗansu kuma sun yi a Ruwenzori. Duwatsun suna nan yadda ya nuna su, tsaga bisa tsaga. Ƙanƙarar ce ta ja da baya. A 1906 Ruwenzori yana da kogunan ƙanƙara 43 masu suna, bisa duwatsu shida, faɗinsu duka wajen murabba'in kilomita bakwai da rabi. Zuwa 2005 ba su kai rabin wannan adadi ba, bisa duwatsu uku kaɗai, faɗinsu wajen murabba'in kilomita ɗaya da rabi. Ɗumamar duniya ce babban dalili.

Kafin a rufe makaranta na koma Lau, na roƙi hedimasta ya ba ni ajin nan na rabin sa'a. Na tafi da hoton 1906 an buga mini a takarda, da wani na kwanan baya na wurin guda. Wannan karo na shirya amsata. Na tambaye su wa ya taɓa zuwa Mambila, inda ake noman ganyen shayi. Yarinya guda ta taɓa zuwa Gembu, ta ce can da bargo ake kwana. Na ce to, duk mita dubu da mutum ya hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri shida da rabi. Su lissafa mini na mita dubu biyar. Suka lissafa a allo, suka cire daga zafin Lau na watan Maris, suka ga abin da ya rage kaɗan ne, ga shi kuma da dare ya kan ƙara sauka. Sa'an nan na miƙa hotunan suka zaga.

Ɗan masuntan nan ya riƙe su ya daɗe yana dubawa, ya kai na farko kusa da ido, ya shafa farin da yatsa. Da ya gama ya ce ya yarda akwai ta a da. Sai ya nuna na biyun, ya tambaye ni in ya girma ya tara kuɗin mota zuwa Yuganda, ko zai tarar da saura. Aka buga ƙararrawar tashi ban ba shi amsa ba. Na bar masa hotunan biyu, hedimasta ya ce za a manna su a bangon aji.